Telen Alhaji Ta Ƙi Tashi

Hamdiyya ta shigo ɗakina da hantsi, idanu sun yi ja, ta zauna bakin gado ko sallama babu. Jikata ce, ɗiyar ɗana na fari, wanda ba ni faɗin sunanai. Mutanen Tsarnawa dai Alhaji suke ce mishi.

Na ce in kuka ta zo yi, ta matsa daga kan zanena, jiya anka wanke shi.

Ta matsa, ta ci gaba da abinta.

Maganar duk a kan tele take. Sadiƙu, yaron da ke son ta, mai gyaran tele ne a Ƙonni, shina da 'yar rumfa kusa da tasha. Tun bara yake zuwa zance, Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kwanan baya iska ta karkata parabol, kwanon nan na bisa soro mai kamo hoto, Alhaji da bakinai ya ce a kira yaron nan shi daidaita. Ya zo ya hau soro ya daidaita, hoto ya fito tas. Ba a jima ba anka wayi gari tele ta mutu. A danna nan shiru, a danna can shiru. Ko ɗan jan idon nan da take kallon mutum da shi in tana barci, ya rufe.

Sai ga Kande daga Badaguishiri.

Kande ɗiyata ce, ƙanwar Alhaji, ni na haife ta, ina da ikon in faɗa: in ta ga hayaƙi a gidan mutum, kara take kawowa. Ta ce masu gyara haka suke, su cire abu mai kyau su sa ruɓaɓɓe don a sake kiransu. Ta ce kuma a duba, ranar da yaron ga ya fara zuwa gidan ga akuya ta yi ɓari, ranar da ya koma kamiyon albasar Alhaji ya kwana Malbaza da taya fashe. Farar ƙafa gare shi.

Ni tun tasowata mata na san ana liƙa ma farar ƙafa. Kande ce ta fara gano ta ga namiji, kuma sai ga wanda ke neman yarinyar da ɗanta Junaidu ke so.

Junaidu ba mugun yaro ba ne. Direba ne, shina son turare, shina jin tsoron uwatai. Ya zo da sabuwar tele cikin kwali, anka jingine ta a salo, ɗakin baƙin Alhaji. Kowa ya san abin da kwalin nan ke nufi. In Alhaji ya buɗe shi, ya karɓi Junaidu ke nan. Kuma a ranar, bayan la'asar, za a nuna kokowar takobi, babbar kokowar ƙasa da ake ba zakara takobi, 'yan Tawa za su shiga fili, maƙwabta kuwa kowace shekara salon Alhaji suke cikawa. Alhaji ya riga ya ce la'asar na yi a buɗe kwali, Sadiƙu kuma kada shi sake taka mishi gida.

"Kaka, wallahi bai ɗauki komi ba," in ji Hamdiyya. "Ina tsaye ya yi aikin. Ko ruwan da na kai mishi bai sha ba don kunyar Baba."

"To ni me kike so in yi? In yi mata tofi ta tashi?"

"Ki yi ma Baba magana. In anka buɗe kwalin nan ba ni iya ce ma Baba a'a, kin sani. Kuma ba ni iya ce ma Junaidu e. Sai in zauna tsakani har in tsufa kamar ke."

"Kamar ni ba ki samu. Ni layi anka yi wajen nemana."

Ta yi 'yar dariya cikin hawaye, kukan ya dawo ya fi na da. Na ɗauki sandata.

Ni da ɗan fari ba mu magana ido da ido. Sai na tsaya ƙofar salo, shina ciki shi da Kande, na kira Saude matatai, uwar Hamdiyya, na yi mata magana da ƙarfi kamar kurma ce. Na ce inda na tashi, wanda ya ɓata abu shi ake kamowa shi gyara gaban jama'a. In ɓarawo ne a gani, in ba shi ba ne a gani. Ban taɓa jin an yanke ma mutum hukunci shina wani gari ba.

Kande ta yi caraf ta ce ta yarda, a kira shi, ita ma tana son ganin idonai.

Alhaji ya yi gyaran murya, ya ce a bar telen nan inda take, ba sai an taɓa ta ba. Na ce ma Saude ban ji abin da bango ya ce ba.

Hamdiyya ta riga ta danna waya.

* * *

Kafin azahar Sadiƙu ya iso bisa moto, ɗan babur nai, da jikkatai ta kayan aiki. Tun daga zaure ya tuɓe takalmi. Ya durƙusa ya gaida Alhaji kai ƙasa, Alhaji ya amsa da hanci. Ya gaida Kande, ta amsa da haƙori. Da ya zo kaina na ce angona ya rame, ko wata ce ke hana shi barci. Ya ce uwargida ce ta daina aiko mishi da fura.

Na sa anka aje min kujera 'yar tsugunne gefen bango, daf da tele. Tsohuwa ba a hana ta wuri.

Bai fara da tele ba. Ya zare wayarta daga bango, ya sa cajar salula a ramin, ya ga kuran, wutar lantarki, na zuwa. Sannan ya fiddo wata 'yar na'ura mai wutsiya biyu, ja da baƙa, wadda ke yin ƙara in hanyar wuta a buɗe take. Ya gwada wayar telen, ta yi ƙara. Ya ce waya lafiya lau, ciwon na ciki, sai an sauke ta.

Telen a rataye take jikin bango bisa wani ƙarfe. Ya miƙa hannu bayanta don shi kwance.

Sai hannun ya tsaya.

Daga inda nike zaune ni kaɗai ke ganin bayan tele. Na ga ya jawo wani ƙunshi na tsumman buhu, jiƙe sharkaf, bai fi dunƙulen hannu biyu ba. Ya juya jikinai ya kare, ya sulale shi cikin jikka, ya ci gaba da kwance ƙarfe kamar ba a yi komi ba.

Ƙunshin ya wuce ta gaban hancina. Tun ina budurwa nike cin goro, ba a ɓoye min shi.

Bara ne Alhaji ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar albasa. Likita ya ce tansiyo ce, hawan jini, ya hana shi goro. Da ya samu sauƙi, gaban Saude da Kande da liman ya rantse shi da goro har abada. Tun daga nan Saude ke lalube aljihunai, ta duba mota, ta duba ƙarƙashin katifa, tana gaya ma mata mijinta ya fi kowa cika alkawari. Ashe bawan Allah ya samu wurin da tsintsiya ba ta kai. Goro kuma ba ya son bushewa, kullum sai an yayyafa mishi ruwa. Shi ko ya aje shi daidai bisa 'yan ramukan da tele ke shan iska.

Na saci kallon ɗana. Shi ma ya gani. Idonai na bisa rufin ɗaki, tasbaha na gudu a hannunai kamar ana korar ta.

Anka shimfiɗa bargo bisa tabarma, anka kifa tele. Kande ta jawo kujera har gwiwarta na taɓa bargon, ta ce duk abin da ya fita cikin telen nan a tafin hannunta za a sa shi. Sadiƙu ya ce to, Goggo. Ya kwance ƙusoshin ɗaya ɗaya shina zuba mata, har hannun ya cika ta rasa yadda za ta yi ta sosa hanci.

Da ya ɗaga murfin, na leƙa. Alluna ne biyu, shaƙe da tarkace ƙanana, wasu kamar gero, wasu kamar 'yan ganguna. Ya roƙi kowa kada shi taɓa, ya ce babbar gangar nan tana riƙe wuta ko an zare waya, tana cizo. Ya sa mata kwan fitila ya tsotse wutar tukuna. Ya ce allo ɗaya shi ke karɓar kuran shi raba, ɗayan shi ke yin hoto. Tunda ko ido ba ta buɗewa, daga mai karɓar kuran za a fara.

Junaidu ya matso da tocilar salula shina haska mishi. Uwatai ta harare shi, ya yi kamar bai gani ba.

Sadiƙu ya nuna wata 'yar kwalba siririya, ya ce fizibil ne, mai katse wuta in ta yi yawa, ya ƙone baƙi ƙirin. Junaidu ya ce in wannan ne ai da sauƙi, su a mota waya suke naɗawa su wuce. Sadiƙu ya ce gaskiya ne, a hanya tana kai mutum gida, amma shi wannan ba ya ƙonewa haka kawai, wani abu ne ya kashe shi, in ba a samo abin ba sabon ma ƙonewa zai yi.

Ya kwance allon ya juya bayanai.

Wani tabo ne ya gangaro daga sama, fari da kore, kamar kanwa ta bushe a gindin tukunya.

Kande ba ta san tele ba, amma ta san sawun ruwa. Ta ce wa ya zuba ma tele ruwa? Ta juya kan Saude, ta ce ko da jiƙaƙƙen tsumma ake goge ta. Saude ta rantse busasshen ƙyalle kawai take sa mata, shi ma ta gaba. Anka kira Hamdiyya daga bayan labule, ta ce ba ta taɓa ba. Rufin ɗaki ba ya yoyo, balle ma rani ne.

Kande ta dawo kan Sadiƙu.

"Kai mai gyara, kai ka san hanyar ruwa cikin abin ga. Daga ina ya fito?"

Jikkar na nan jingine da gwiwatai. Hannu kawai zai sa ciki, sunanai shi wanku, uban yarinya kuma shi zama mai karya rantsuwa gaban matatai da ƙanwatai, kafin magariba labari ya kai Badaguishiri.

"Goggo, ruwa na gani. Ban ga hannu ba."

"To in babu hannu, naka ne. Kai kaɗai ka taɓa ta."

Ya sunkuyar da kai, ya ɗauki allon.

Bayan labule na ji Hamdiyya ta toshe baki.

* * *

Ya wanke tabon da alkol, ruwan nan na goge ciwo, da tsohon buroshin haƙori, a hankali, kamar mai yi ma jinjiri wanka. Ya roƙi faifai, ya ɗora allon, ya kai shi rana tsakar gida ya ce sai ya bushe sarai. Maza sunka tafi azahar. Ni anka bar ma gadin faifai saboda kaji.

Sadiƙu ya riga su dawowa. Hamdiyya ta fito da kwanon ruwa wai za ta ba tumaki, tumakin kuwa suna can wani gefe. Na juya musu baya, na bar kunnuwana a wurin.

"Ka sani," in ji ta. "Na ga fuskarka. Ka san inda ruwan ya fito."

Bai musa ba.

"Don Allah ka faɗa. Goggo ta kira ka ɓarawo gaban Baba, ka yi shiru. Shirun ka nan ni yake yanka."

"Hamdiyya, akwai maganar da in na faɗe ta na wanku, amma ba ni ƙara shigowa gidan ga a yi murna da ganina. Ni kuma zama nike so in yi da mutanenki, ba yini ɗaya ba."

"In ba ta tashi ba fa?"

"Sai in tafi da sunan da anka ba ni. Ke dai kin san ba nawa ba ne."

"Sanina me zai yi min in anka buɗe kwali?"

Ta tsaya hawaye na ɗiga cikin kwanon tumaki, shi kuma shina juya faifai ba dalili. Da na ji tafiyar maza a zaure na ɗaga sanda na kori kazar da babu, yarinya ta gane ta shige.

Anka koma salo. Ya ɗauki wutsiyoyin nan biyu shina dangwala ma tarkacen allon ɗaya bayan ɗaya. A kan wani ɗan baƙin abu, kamar kashin ɓera, na'urar ta yi ƙara. Ya juya wutsiyoyin, ta sake yi. Ya ce shi wannan ƙofa ce mai barin wuta ta wuce gefe guda kawai, yanzu ta ɓalle tana bari ta ko'ina. Ya zafafa ƙarfen dalma, ya cire shi, ya sa ma Kande a hannu. Ya ciro ɗan'uwanai daga wani mataccen allo da ke jikkatai ya liƙa. Wata 'yar hanyar jan ƙarfe da ruwa ya cinye, ya haɗa ta da waya siririya kamar gashi.

Lokacin maƙwabta sun fara shigowa, kowa da buzunai.

Bai sa sabon fizibil ba. A gurbinai kwan fitila ya ɗaura, ya sa waya a bango.

Kwan ya kama, haske fal, har ɗakin ya yi fari. Maƙwabta sunka ce alhamdu lillahi, wani tsoho har ya miƙo hannu a yi musabaha. Sadiƙu ya fizge wayar da sauri, fuskatai ta faɗi. Ya ce wannan hasken ba na murna ba ne. In kwan ya haska ya tsaya, ciwon na nan. So ake shi yi walƙiya sau ɗaya shi lafa.

Sai ladan ya kira la'asar.

Kande ta zube ƙusoshi bisa bargo, ta karkaɗe hannu, ta ce Junaidu shi kawo wuƙa a yanke igiyar kwali.

* * *

"A yi salla tukuna," in ji Alhaji.

Tun zuwan yaron, ita ce magana ta farko da ya yi.

Ɗana mutum ne mai gaggawa. Liman na sallamewa shi ke fara neman takalmi. Ran nan an ce bayan salla ya ɗaga hannu ya roƙa ma iyaye, ya roƙa ma kakanni, ya roƙa ma damina mai zuwa, ya roƙa ma direbobi da masu albasa da 'yan kokowar Tawa, har maƙwabta sunka fara motsi bisa buzu, ba mai iya tashi shi bar mai tele.

Sadiƙu ya yi sallatai a gefen tabarma, ya koma kan allo. Zufa na ɗiga daga haɓatai. Na ce angona, in ka kashe kanka wa zai gaje ni? Bai ji ni ba. Shina magana shi kaɗai, wai ƙofofin nan huɗu ne a jere, ya samu ɗaya ya yi murna ya bar sauran. Ya ɗaga ƙafar kowace ya gwada ta ita kaɗai. Ta ƙarshe, wadda ke ɓoye gindin babbar ganga, ta yi ƙara gaba da baya.

Ya hau liƙa sabuwa da gaggawa. Dalma ta zube, ya goge, ya sake.

Maza na shigowa ya sa waya a bango.

Kwan ya yi walƙiya, ya lafa, ya koma ja-ja kamar garwashin da ya kwana.

Tsohon nan mai musabaha ya ce ayya, ta mutu. Sadiƙu kuwa ya yi murmushi. Ya zare waya, ya cire kwan, ya sa sabon fizibil, ya mayar da allo, ya tsince ƙusoshin Kande daga bargo ya ɗaure murfi. Junaidu ya kama mishi sunka rataye ta.

Jan idon ya buɗe.

Ya miƙa ma Alhaji telekomand, abin danna tele daga nesa, da hannu biyu. Alhaji ya danna. Kafin hoto shi zo, ganga ta riga shi, gangar fili, da muryar maroƙi. Ɗaki ya ɗauka.

Sadiƙu na tattara kaya ya ce, fuskatai na kallon bango, tele tana son bayanta shi zauna fili, ta nan take numfashi. Bangon bai amsa ba, amma ya ji.

Sannan ya zo ya durƙusa gabana, ya sa hannu cikin jikka, ya fiddo ƙunshin nan.

"Uwargida, ga ɗan goro na riƙo miki."

Saude ta ce kai, yaron ga ya san goro, dubi yadda ya jiƙa shi. Na kwance. Fari ne, manya, irin wanda ba a samu sai an sa a kawo. Na ɓare ɗaya na jefa baki, na tauna shi a hankali ina kallon tele. Can gefe na ji wani ya haɗiye miyau.

Yaro ya yi sallama, ya ja da baya zai fita. Alhaji bai ɗauke ido daga 'yan kokowa ba.

"Yaro."

"Na'am, Baba."

"Wa ke gaba da kai a gidanku?"

Sadiƙu ya dawo ya durƙusa.

"Kawuna Iliyasu ne, a Bazaga."

"In an gama takobi, ka ce ina son ganinai."

Kande ta miƙe tsaye. Ta ce Yaya, ba a gama maganar ruwa ba, kuma kwalin nan ita ba ta komawa da shi Badaguishiri.

"Maganar ruwa an gama," in ji Alhaji. "Junaidu, ƙara muna murya."

Junaidu ya dubi uwatai, ya dubi kwali, ya karɓi telekomand ya ƙara.

Da na fito tsakar gida na tarar da Hamdiyya tsaye bakin zaure, mayafi a baki, tana leƙen hanya. Na leƙa ni ma. Ga moto nan jingine inda ya aje ta, makulli a jiki. Shi kuwa ya yi nisa, jikka a kafaɗa, ya miƙe hanyar Ƙonni a ƙasa, shina tafiya kamar wanda anka aika.

Na ce mata ta kira shi a waya, kafin shi kai Ƙonni shi ce an sace mishi moto.